Ƙofar da Kakana Ya Bari a Buɗe

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma za a koma, ga kakana na wajen uwa ya riga mu kama hanya. Ranar Talata da hantsi aka kai shi makwancinsa a Azare, a ƙarshen damina, lokacin da hadari ke haɗuwa kullum da la'asar ya yi ta gurnani, sannan ya watse bai zubar da ko ɗigo ba. Malam ake ce masa. Ya daɗe yana shugabantar makarantar firamare, ya yi ritaya, ya je ya sauke farali ya dawo, amma bakin mutane ya ƙi sakin wannan sunan.

Ina rubuta wannan ne don ban yarda da ƙwaƙwalwata ba. Shi ya koya mini kada in yarda da ita.

An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin bishiyoyin maina na ƙofar gida har suka tsallaka kwata. Ɗalibansa suka zo da furfura a gemu, amma in za su ambace shi sai su rage murya, kamar zai leƙo ta taga. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa da iyayenta suka taso daga Yobe, ta riƙe hannun mahaifiyata ta ce, "Yanzu wa zai riƙa gaya mana ko mu su wane ne?" Ina miƙa ruwa ta soro na hango Baba mai hoto, Bayarben da ya buɗe shagonsa a bakin kasuwa tun kafin a haifi mahaifiyata. Yana can gefen tabarma, ya cire hula ya mayar, ya cire ya mayar. Da aka matsa masa ya yi magana, abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Takardar da ta gaya mini uwata ta mutu, a akwatinsa na gidan waya ta zo. Shi ya kawo mini har shago. Bai tafi ba sai da na gama karantawa."

A cikin gida kuwa Gwaggo, ƙanwarsa ɗaya tilo da ta rage, wadda ke zaune a garin Katagum, ta samu lungun ɗaki ta zauna da carbinta. Ba ta yi kuka ba. Duk wanda ya san bakin Gwaggo, wannan shirun ya fi kuka ba shi tsoro.

Ranar sadakar uku, ana cikin rabon waina, sai wata mata ta saki salati da ƙarfi. Kafin in juyo, wayarta ta fara yawo daga hannu zuwa hannu. Wannan ta duba ta dafe ƙirji, waccan ta duba ta tofa addu'a. Da ta iso gare ni na ga shafinmu na tsofaffin hotuna a buɗe. Hoton wata mata ce a bakin kogi, hoton da ya shekara huɗu ba rubutu a ƙarƙashinsa. Yanzu akwai rubutu: "Inna ce. A yafe mini gardamar da na yi." A gefe ga sunan wanda ya rubuta, Malam. Ga kuma ranar da aka rubuta, Laraba bayan la'asar, kwana guda cur da binne shi.

Kawu babba, ɗan farin Malam, ya aiko a kira ni soro. Idanunsa sun yi ja.

"Ke 'yar boko, mene ne wannan?"

"Kawu, ni ma yanzu na gani."

"Ke kika ƙera abin nan, ko ba ke ba?"

"Ni ce."

"To mahaifina yana kabari, sunansa yana yawo a wayoyin mutane yana neman gafara. Har daga Giade an kira ni ana tambaya. Wasu na cewa aljanu, wasu na cewa wani ne ke mana izgili. Ni ba ruwana da ko wanne ne. Ranar bakwai, kafin jama'a su watse, ki rufe shi. Gaba ɗaya."

Na durƙusa ina kallon ƙasa. Kwana huɗu ke nan ya ba ni. A cikin abin da ya ce in rufe akwai aikin shekara goma sha wani abu na tsohon da muka binne.

Sai na koma baya kaɗan, don wanda bai san Malam ba ya gane abin da ake shirin rufewa.

Tun da ya bar aiki ya kamu da son tsofaffin hotuna. Ya ɗaure jakar fata a bayan babur, ya nufi Disina, ya nufi Dagauda, duk inda ya ji labarin wata tsohuwa na da hoto a ƙasan adaka. Ya zauna ya sha fura, ya yi hira har a manta abin da ya kawo shi, sannan ya ce, "Hajiya, a ba ni aron mutanen nan, jibi zan dawo da su." Bai taɓa cewa hoto ba, mutane yake cewa. Kuma jibin nan ba ya saɓawa. Baba mai hoto ya kwafa masa, shi kuma ya mayar da na asali cikin ambulan sabo.

Yana da karin maganarsa da ban taɓa ji a bakin kowa ba: "Hoto ba ya ƙarya, amma bebe ne." Wani lokaci kuma ya ɗaga hoton taron biki, fuska ashirin ba a san ko ɗaya ba, ya girgiza kai ya ce, "Fuskar da ba ta da suna ta mutu sau biyu." Amma duk ɗokinsa, ba ya rubuta suna sai da shaidu biyu. Ko shi ya san mutumin, ko sun ci tuwo a kwano ɗaya, sai ya samu wani ya ce e, shi ne. Ƙwaƙwalwa, in ji shi, kamar tela ce, in yadi bai isa ba sai ta ƙara da wani.

Ni jikarsa ce ta fari mace, don haka amaryarsa ce ni tun ina rarrafe. In na shiga ɗakinsa sai ya sauke tabarau.

"Amarya, sai yanzu? Ina goron angonki?"

"Tsohon nan, da wane haƙorin za ka ci?"

"Na ba da su aro, jibi za a dawo da su."

"Ni dai na fasa auren. Miji kullum yana cikin matattu."

"Su ba sa tambayata cefane," in ji shi.

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, inda na karanta ilimin kwamfuta, na ce zan sa masa mutanensa a intanet. Na haɗa abu biyu. Ɗaya wurin ajiye hotuna ne, ɗaya kuma wurin hira ne da kowa zai rubuta abin da ya sani. Shi ya raɗa musu suna, ɗakin hotuna da zaure. A zaure ake gardama, wannan ya ce wane ne, wancan ya ce a'a ƙanensa ne, in shaidu biyu sun haɗu sai Malam ya shiga ɗaki ya rubuta sunan. Shi kaɗai ke da ikon rubutu a ƙarƙashin hoto, shi kaɗai ke iya goge hoto. Tsakanin wuraren biyu na yi abin da muke kira gada. Mutum ya ba da sunansa da kalmar sirrinsa sau ɗaya a zaure, sai gadar ta wuce da shi ɗaki ba tare da an sake tambayarsa ba. Da na yi masa bayani ya gyaɗa kai. "Haka gidan mutunci yake. Baƙo ba ya sallama sau biyu."

Zauren ya cika. Tsofaffin malamai, 'yan kasuwa, matan da aure ya kai Kano da Maiduguri, har da jikokin da ba su taɓa taka Katagum ba. Kuma a nan ne shi da Gwaggo suka samu filin rigimarsu.

Hoton bakin kogin a Katagum ya samo shi, a gidan wani tsohon ma'aikacin gona. Mace ce da ƙwarya a ka, ta ɗan juya, rabin fuskarta a inuwa, ruwa ya kai mata idon sawu. Malam na gani ya ce Innarsu ce, mahaifiyarsu, wadda ta rasu bai kai ashirin ba, wadda ba a san tana da hoto a duniya ba. Mahaifiyata ta ce ranar bai ci abinci ba. Ya aika wa Gwaggo, don ita kaɗai ta rage da za ta zama shaida ta biyu. Gwaggo ta ce ba ita ba ce.

"Dubi tsayuwarta!"

"Duk matan Katagum haka suke tsayuwa, Yaya."

"Dubi munduwar hannun hagu."

"Munduwa a kasuwa ake sayar da ita."

Kowace Juma'a in ya sauko daga masallaci sai ya kira ta. Ba gaisuwa mai tsawo. "Kin dai yarda Inna ce?" Ita kuma ta ce, "Tsufa ya ci idonka." Su yi rabin awa suna yi, a tsakiya ya ji ko ƙafarta ta sauka, ta ji ko yana shan maganinsa, su rufe da gardamar da suka buɗe da ita. Na taɓa cewa, "Malam, mabuɗin a hannunka yake, ka rubuta kawai mana." Ranar ce kaɗai bai kira ni amarya ba. Ya ce, "In na karya doka don uwata, uwar wa zan hana?"

Matsalar gada ta faro ne bayan dawowar alhazai. Mutane suka fara kuka: sun shiga zaure lafiya, suna taɓa ƙofar ɗakin hotuna sai a jefo su waje, a sake tambayarsu suna. Su bayar, a sake jefo su. Ina Bauchi wurin aiki Malam ya kira.

"Amarya, gadarki ta karye. Baƙi na tsaye a rana."

"Zan duba, ranka ya daɗe."

"Yau ko jibi?"

"Jibi."

Jibina ba irin nasa ba ne. Na yi wata biyu ina cewa jibi. Ni mutum ce mai zama in kalli hadari ta taga har shayi ya huce, kuma a zatona tsohon nan yana nan daram kamar kukar bayan gari. Sai da aka ce an kwantar da shi asibiti na buɗe kwamfuta. Cikin awa ɗaya na gano abin. Gadar da suna take gane mutum, ga shi duk wanda ya dawo daga Makka ya shiga zaure ya gyara sunansa, Malam wane ya koma Alhaji wane, Malama ta koma Hajiya. Ɗakin hotuna kuwa tsohon sunan ya sani. Sai gada ta duba nan ta duba can, ta ce ba mutum ɗaya ba ne, ta mayar da shi. Na yi dariya ni kaɗai. Na ce to, suna yana canzawa, adireshin imel ba ya canzawa, bari gada ta riƙa gane mutane da adireshi. Na gyara, na gwada da sunana, na wuce sumul. Na kira asibiti, mahaifiyata ta kara masa wayar a kunne.

"Ango, an gyara gada."

Muryarsa can ƙasa ya ce, "Madalla. Baƙi su shigo."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Bayan kwana biyu ya cika.

To ga ni ranar huɗu da rasuwarsa, na ƙule a ɗakinsa da kwamfuta a cinya, ƙamshin turarensa da tsohuwar takarda sun cika mini hanci. Na kasa zama wuri ɗaya. In zauna a kujerarsa in tashi, in koma bakin gado, in leƙa taga, hadari ya haɗu ya watse. Farko na zaci wani ya sace kalmar sirrinsa. Na duba, tun ranar da aka kai shi asibiti ba wanda ya shiga zaure da sunansa. Wayarsa na cikin aljihun tebur a kashe. Na shiga da sunana, komai daidai. Na karɓi wayar mahaifiyata na shiga da nata, komai daidai. Ba a shigo ta zaure da sunansa ba, amma ga shi a cikin ɗaki yana rubutu. Ni da na yi karatun abin nan, sai da tsigar jikina ta tashi. A tsakar gida kuma maganar sai ƙara kitsewa take, har an samu wadda ta yi mafarki.

Ranar biyar da hantsi aka ce Baba mai hoto yana sallama da ni. Na same shi a soro ya riƙe wayarsa nesa da jikinsa, kamar mai riƙe da garwashi.

"'Yata, ni ban faɗa wa kowa ba. Na shiga da sunana don in ga hotonsa na ranar da ya bar makaranta. Ina wucewa ɗakin, sai abin ya ce da ni, barka da zuwa, Malam." Ya ɗago ya dube ni. "Ni ba Malam ba ne. Ni ko rabinsa ban kai ba."

"Baba, da wane adireshin imel aka yi maka rajista?"

"Ni ina na ga imel? Shi ya yi mini komai. Ya ce in dai riƙe sunana da kalmar nan."

Ban san lokacin da na bar shi a tsaye na ruga ɗaki ba. Na buɗe jerin sunayen mutanen zaure, na bi layin adireshi da yatsa. Matasa kowa da nasa. Amma da na gangaro kan dattawa, sai ga adireshi ɗaya yana ta maimaita kansa, layi bayan layi, mutum talatin da wani abu. Adireshin Malam. Baba mai hoto, maƙwabciyarmu, liman na Disina, tsofaffin ɗalibansa, duk a adireshinsa suke. Ni kuma na ce wa gada ta gane mutum da adireshi. Duk wanda ya zo da wannan adireshin, sai ta duba ɗaki ta ga mai shi na farko, ta sa masa rigar Malam da mabuɗinsa ta tura shi ciki.

Sai a lokacin na tuna. Muna fara abin, ya taɓa kirana ya ce, "Amarya, wane irin gida kika gina da ba ya ɗaukar mutum biyu a adireshi ɗaya?" Na cire masa wannan sharaɗin cikin minti biyu, ban tambayi dalili ba, na manta.

Dalilin kuwa ya girme ni. A zamanin da wasiƙa ke zuwa ta gidan waya, Malam kaɗai ke da akwati a unguwarmu. Duk wanda ke da ɗa a soja, ko ɗan'uwa a kudu, lambar akwatin Malam yake bayarwa. Ranar Asabar ya ɗebo, ya bi gida gida, wanda bai iya karatu ba ya zauna ya karanta masa. Da zamani ya juya aka ce sai da imel, bai ga wani bambanci ba. Akwati ne dai, kuma nasa na kowa ne. Na kunna wayarsa, wadda bai taɓa sa wa makulli ba. Ga saƙonni nan jere, na mutanen da suka manta kalmar sirrinsu, kowanne ya zo gare shi. Ashe shi yake kiransu ɗaya bayan ɗaya ya karanta musu.

Na kifa kai a teburinsa na yi kukan da ban samu yi ba ranar Talata. Sannan tsoro ya kama ni, don kwana bakwai ke nan mutum talatin na shiga da ikon goge komai, babban yatsa ɗaya ya zame shi ke nan. Nan take na ɗage gadar. Saura abu ɗaya. Zaure yana ajiye lokacin da kowa ya shigo. Na nemi ranar Laraba bayan la'asar. Mutum ɗaya ne ya shigo a wannan lokacin.

Na sami Gwaggo a bayan madafa ita kaɗai, tana tsinkar zogale a faifai. Na durƙusa kusa da ita na sa hannu a ganyen.

"Gwaggo, ranar Laraba kin shiga ɗakin hotuna?"

Hannunta bai tsaya ba. "Ke da wa?"

"Ni kaɗai."

Ta watsa ganye a faifai. "Na je in gan ta ne. Kullum in na je, kallo kawai nake yi. Ranar sai na ga wurin rubutu a buɗe a ƙasanta. Na ce ko Allah ne ya buɗe mini. Na rubuta. Ina na san abin naku zai liƙa masa?"

"Me ya sa ba ki faɗa ba, ana ta salati?"

"A gaban matan unguwa? In ce ni ce aljanar?"

Dariya ta kusa ƙwace mini, hawaye ya riga ta. Na ce, "Yaushe kika gane Inna ce?"

"Yaushe? Ni da na yi shekara tara ina kwana a bayanta? Tun ranar da ya aiko. Wannan ƙwaryar ma ni na fasa ta." Ta zubar da karan zogalen gefe. "Ke yarinya ce. Kakanki tun yana saurayi bai iya cewa na yi kewarki ba. Kafin hoton nan, sai a yi wata uku ban ji muryarsa ba, in ya kira ma, lafiya lafiya, sai anjima. Da hoton ya zo, kowace Juma'a. To in na ce e, ya rubuta ya rufe, da me zai kira ni?" Ta goge fuska da bakin mayafi. "Na ce sai azumi in gaya masa. Azumi ya zo na ce sai ya dawo daga Makka. Ina ta jibi."

Na san wannan jibin, irin nawa ne.

Na gaya mata abin da Kawu ya yanke. Na ce zan iya yi masa bayanin gada da adireshi, amma zai tambayi wanda ya rubuta, kuma ba zan yi ƙarya a kan Malam ba, ba kuma zan tona ta ba sai ta yarda. Ta ɗauki faifanta ta miƙe, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Haka na yini ranar shida ina safa da marwa tsakanin ɗakinsa da tsakar gida, ina satar kallonta, ita kuwa carbinta kawai take ja.

Ranar bakwai bayan an shafa addu'a, 'ya'ya da jikoki muka taru a falo. Kawu ya dube ni ya ce, "An rufe?" Na fara bayani, na faɗi kuskurena, na faɗi zancen akwati. Ban kai ƙarshe ba Gwaggo ta buga sandarta a ƙasa.

"Kai ɗan nan, ubanka bai nemi gafarar kowa daga kabari ba. Wanda bai ci haƙƙin kowa ba yana raye, me zai nema? Ni na rubuta. Ni ce mai gardamar, ni ke neman yafiya. In rufewa za ka yi, ni za ka rufe."

Kawu ya sunkuyar da kai ya daɗe. Mahaifiyata ta gaya mini daga baya cewa ya taɓa ce wa Malam yawon hotunan nan ɓata lokaci ne ga mai shekarunsa, kuma tun ranar uku kalmar nan ta gardama take cinsa.

"Gwaggo, ai da kin faɗa."

"Ga shi na faɗa."

Ya miƙo hannu. "Mu ga hoton." Na ba shi wayata. Ashe bai taɓa tsayawa ya dube shi ba. Ya kawo shi kusa da ido, ya nisanta, ya sake kawowa. Kakarsa ce da bai taɓa gani ba, tsaye cikin ruwa. A hankali ya ce, "Hancin Baba ne." Ya miƙo mini wayar yana kallon bango. "A bar shi. Amma kowa ya shiga da sunansa. Baba ya gama aikinsa, a bar shi ya huta."

Sati biyu na ƙara a Azare. Na bi gidajen dattawan nan kamar yadda yake bi da wasiƙu, ina buɗe wa kowa adireshinsa. Ba wanda ya sallame ni da wuri, kowa na da labarin wata takarda da ta taɓa zuwa ta akwatin Malam. Da na gama na mayar da gada, na sa Baba mai hoto ya gwada a gabana. Abin ya gaishe shi da sunansa. Ya yi murmushi, amma ya daɗe yana kallon wayar kamar wanda aka karɓe wa wani abu.

Na ƙarshe shi ne nasa. Na rufe mabuɗin Malam da hannuna, iyali suka ce in riƙe dokarsa yadda ya bari. Rubutun Gwaggo na mayar da shi ƙarƙashin sunanta, don bai halatta in bar wa mamaci maganar da bai faɗa ba. A ƙasan hoton bakin kogi na rubuta sunan matar, sannan na ƙara layin da yake ƙarawa kullum. Shaidu biyu: ɗanta da 'yarta.

Juma'ar da ta biyo baya ina Bauchi, na ji an sauko daga masallaci, sai na kasa zama. Na ɗauki waya na kira Katagum.

"Gwaggo, akwai wani hoto na samu a jakarsa, wani mutum ne da doguwar hula a tashar mota. Ina jin mijin yayarku ne."

"Ba shi ba ne."

"Ai ban aiko miki ba tukuna."

"Ko kin aiko, ba shi ba ne," in ji ta. "Ki kira ni Juma'a mai zuwa in gaya miki dalili."

Ya Allah, bawanka ya bar ƙofarsa a buɗe ga duk wanda ba shi da tasa. Ka buɗe masa taka, Ka kira shi da sunansa, kada Ka bar shi tsaye a rana. Ka haɗa shi da Innarsa a inda ba a bukatar shaida. Mu kuma da muke ta cewa jibi, Ka sa mu cika da kyau. Amin.